Injin kwale-kwale: a baya zan ɗaura shi ko a gefe?

Ɗan Yauri: Assalamu alaikum. Na sayi injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, na hannu, zan sa wa kwale-kwalen da nake ɗauko shinkafa da shi daga tsibirai zuwa Yelwa. To bayan jirgin tsini ne, babu inda inji zai kama. Kafinta ya ce a yanke bayan a sa katako mai faɗi. Kawuna kuma ya ce kul, a maƙala shi a gefe kawai. Wanne zan bi?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Kafin a ɗauko zarto, fara auna ƙafar injin, wato ɓangaren da ke sauka cikin ruwa zuwa farfela. Akwai gajeriya mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20, kuma da ita ake yanke tsayin katakon. Ka ga farantin nan da ke saman farfela? Shi ne zai yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan nutse kaɗan. In ya yi sama, farfela za ta riƙa shan iska, inji na ihu jirgi ba ya gaba. Abin da ya fi muni, famfon da ke cikin injin ba zai ja ruwan sanyaya shi ba, sai inji ya ƙone. In ya yi ƙasa da yawa kuma, mai kawai zai yi ta sha. A gwada jirgin ba kaya, don a lokacin ne bayansa ke ɗagawa.

Basarke: Da girman kujerar kawunka, ni dai ban yarda da gefe ba ga mai lodi. Kullum jirgi zai riƙa ja gefe guda, hannunka ya gaji da riƙo. Kuma da igiyar ruwa ta karkata shi, ko farfela ta fito waje, ko kan inji ya sha ruwa. Tsakiyar baya shi ne wurinsa, da katako mai kauri da kusoshi masu noti.

Dattijon Warra: Yaro, ka tuna ruwan da kake bi. Tun da aka datse kogi a Kainji a 1968 kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suke nan a ƙasa. Kada ka kulle ƙafar injin in kana tafiya gaba, bar ta ta iya ɗagowa idan ta bugi abu. Sannan ka ɗaure injin da sarƙa a jikin jirgi, don maƙallan da ke riƙe shi girgiza na kwance su.

Ɗan Yauri: Na gode Baba, na gode 'yan uwa. Na auna, doguwa ce. Saura lallashin kawu.