Masu ceton karnuka: yaya ake gane na gaskiya?

Maman 'yan biyu, Barnawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maƙwabcinmu ya tashi ya bar karensa ɗaure a gidan da ya saki, ba ci ba sha sai abin da yarana ke jefa masa ta katanga. Na ga wani shafi a Instagram da ke cewa suna ceton karnuka, na yi musu magana, suka ce in tura kuɗin mota da na magani kafin su zo. In tura?

Malamin makaranta, Kawo: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki tura ko sisi tukuna. Ki nemi cikakken sunan da suka yi rajista da shi da lambar rajistar. Ƙungiya mai karɓar gudummawar jama'a tana yin rajista ne da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma kowa na iya duba sunan a shafin hukumar. Sai ki lura da asusun da suka ba ki. In sunan ƙungiyar ne, to. In sunan wani mutum ne can daban, ki ja da baya.

Anti mai shago, Sabon Tasha: Malam, rajista kaɗai ba ta isa ba. Takarda ce fa, mai kuɗin lauya zai samu. Kuma na san masu wannan aiki tsakaninsu da Allah da ba su da ko takarda ɗaya, daga aljihunsu suke ciyar da karnukan. Ni abin da nake yi, sai in ce zan zo in ga wurin da idona. Na gaskiya zai ce bismillah. Wanda ya fara kame-kame, yau ya yi tafiya, gobe mai gadi ba ya nan, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Likitan dabbobi, Unguwar Rimi: Anti ta faɗi gaskiya. In kin je, Hajiya, ki duba ruwan sha, ki duba ko an ware marasa lafiya daga masu lafiya, hancinki ma zai gaya miki sauran. Amma tambayar da ke tona asiri ita ce: wane likita ne ke duba muku karnuka? Su faɗi sunansa. Duk likitan dabbobi na gaske yana da rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN. Sannan su nuna miki katin allurar haukan kare na kowane kare, da kwanan wata da sa hannu. Ana fara allurar ne tun ɗan kwikwiyo yana da wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin wannan rigakafin, don haka ba wanda zai ce miki sai an kawo daga Turai. Wanda ya tara karnuka ashirin ba kati ko ɗaya, annoba yake tara wa unguwa.

Wani abu kuma, ki hana yaran nan miƙa masa hannu. Kare mai yunwa a ɗaure yana cizo ko da lafiyarsa ƙalau. In tsautsayi ya gifta, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, shi kuma karen a sa masa ido kwana 10. Ciwon haukan kare in alamominsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi.

Direban babbar mota, Mando: Dakta, bari in ƙara abin da mu 'yan hanya muka sani. Akwai babbar kasuwar karnuka a Dawaki, ƙaramar hukumar Kanke a Filato, kuma daga garuruwan Arewa ake kai su, wasu a wuce da su Kudu. Ban ce kowa haka yake ba, amma mai cewa zai ɗauke miki kare kyauta, ki tambaye shi ina karnukan da ya ɗauka bara suke yanzu.

Maman 'yan biyu, Barnawa: Innalillahi. To shi maƙwabcin fa, ba abin da doka za ta yi masa? Barista, kina nan?

Barista, Malali: Ina nan, Yaya. Doka kam akwai. Kundin hukunta laifuka na Arewa ya haramta azabtar da dabba, kuma jihar Kaduna ta yi nata kundin a 2017. A kundin laifuka na Kudu sashe na 495 ne, ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50. Eh, naira hamsin, ba kuskuren rubutu ba ne, tun zamanin da kuɗin ke da daraja aka bar shi haka. Matsalar tana wajen aiwatarwa. Ɗan sanda da ke fama da ƙarar satar waya da ƙwacen babur, ki zo masa da maganar kare, sai dai ya dube ki.

Abin da ya fi muhimmanci: a idon doka kare dukiya ce. Ba ke ba, ba ƙungiyar ba, babu mai ikon haura katanga ya kwance shi, sai ƙarar ta juyo kanku. Duk ƙungiyar da ta ce za ta shiga gidan mutum da kanta ta ɗauko, ba ta san aikinta ba. Ki ɗauki hoto da bidiyo daga ɓangarenki, ki kira mai gidan hayar, ki kai wa mai unguwa.

Baba, Tudun Wada: Abin da zan ce ke nan, 'yata. Mai unguwa ya kira shi a waya, magana ta ƙare. Kuma masu cewa don me ake wahala a kan kare, su tuna hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba a ce ki sa shi a ɗaki ba, an ce kada a bar shi ya mutu a ɗaure.

Malamin makaranta, Kawo: Dakta, in mai shi ya sallama, ina za a kai shi?

Likitan dabbobi, Unguwar Rimi: A fara da asibitin dabbobi na gwamnati nan cikin gari a duba shi a yi masa allura. In ciwon ya yi tsanani, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Zariya. Bayan nan masu gona da masu neman karen gadi ba sa ƙarewa. Barista, sai ki rubuta musu 'yar takardar sallamawa mai shi ya sa hannu, kada ya dawo bayan wata biyu ya ce an sace masa.

Barista, Malali: Layi uku ne, da shaidu biyu. Zan turo samfurin bayan Isha'i.