Baba yana tattaki kullum amma miƙewa daga sujjada tana ba shi wuya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu shekararsa 68, kullum bayan asuba sai ya yi tattaki kuma ko haki ba ya yi, amma kwanan nan in ya yi sujjada sai ya dafa bango ko an kama shi kafin ya miƙe, har ya fara maganar komawa sallah a kan kujera. Ƙanena ya ce a sa shi ɗaga ƙarfe, ni kuma wallahi tsoro nake ji don yana da hawan jini. A ƙara masa tafiyar ne ko yaya?

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Haba, dattijo da ɗaga ƙarfe? Ku bar shi da tattakinsa, Allah ƙara masa lafiya.

Wata ma'aikaciyar fisiyo (masu jinyar gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki): A'a Malam, ƙanin nata na da gaskiya. Tattaki zuciya da numfashi yake gyarawa, kar Baba ya daina, amma ba ya ɗora wa cinya nauyin da zai hana tsoka zubewa, kuma bayan shekara 60 zubewar tana ƙara gudu, abin da ke fara tafiya ma shi ne zafin naman yunƙurawa, wanda in ka yi tuntuɓe shi ke tare ka kafin ka kai ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 cewa ta yi 'yan 65 zuwa sama su samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki kamar tafiya a mako, su haɗa da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3. A 1990 a Boston ta Amurka an sa tsofaffi 'yan wajen shekara 90 ɗaga nauyi da ƙafa na sati 8, ƙarfinsu ya fi ninki biyu. Ba sai an je jim, wato gidan motsa jiki, ba fa 'yar uwa. Kujera mai ƙwari a jingina da bango, ya tashi da hanzari ya zauna a hankali, sau 8 zuwa 10, ya huta ya maimaita. In ya yi masa sauƙi ya rungumi galan mai ruwa lita 2, a riƙa ƙarawa.

Wani dattijo: Ni ma ina da hawan jinin kuma ina yi. Likita ya fara duba shi tukuna, ya riƙa shan maganinsa, kuma kar ya riƙe numfashi wajen yunƙuri don jini hawa yake. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take.

Wata 'yar uwa: Ku duba cimarsa ma, tsofaffinmu daga koko sai tuwo. A sa masa wake, ƙwai, kifi, awara, nono, in dai ƙodarsa lafiya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti mai fisiyo, gwiwarsa ta dama tana ɗan ciwo, ya yi hakanan?

Ma'aikaciyar fisiyo: A ɗora matashi a kujerar ta ƙara tsayi, ya fara da dafa hannu. In gwiwar ta kumbura ko ciwon ya kwana yana ƙaruwa, ku kai shi asibiti a duba kafin ya ci gaba.