Doki a gefen allo: jahilci ne ko dabara?

Malam Habu: Jiya na sha kashi sau uku a wasan ces, wato darar Turawa, a hannun wani yaro da yake kai dokinsa gefen allo, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin a sanina ajiye doki a gefe jahilci ne. Doki a tsakiya gida takwas yake iya dira, a gefe bai wuce huɗu ba, a kusurwa kuwa biyu ne kacal. Saboda haka babu wurin da ya fi tsakiya dacewa da kowane ɗa a kan allo.

Usman: Malam, kalmar jahilci ta yi nauyi. A wasa na uku na karawar neman zakaran duniya ta 1972 a birnin Reykjavik, gwanin ces Bobby Fischer ya kai dokinsa gefe tun a motsi na 11, kuma a wannan wasan ne ya fara cin abokin karawarsa Boris Spassky a rayuwarsa. Shin Fischer ma jahili ne?

Malam Habu: Ƙanina, aikin na kira jahilci, ban kira mai aikin jahili ba.

Usman: Wanda aka ce aikinsa jahilci ne, ai an riga an ba shi suna.

Malama Rabi: Yaya Usman, abin da gwani ya yi sau ɗaya bayan dogon lissafi ba ya zama ƙa'ida ga mai koyo. Tsohon malamin ces Siegbert Tarrasch ya daɗe da koyar da cewa doki ba ya jin daɗin gefe, kuma ni a kan koyarwarsa na tashi.

Bala: Malama, wannan taurin ra'ayi na Tarrasch shi ne abin da wani gwanin, Aron Nimzowitsch, ya yi ta yaƙa, har ya nuna cewa ana iya mallakar tsakiya daga nesa ba tare da an zauna a cikinta ba.

Malama Rabi: Taurin ra'ayi kuma? Ka janye wannan kalmar, domin ta fi jahilci muni.

Sadiya: Hasumiya fa, wato ɗan da ke tafiya a miƙe, gida 14 take gani ko ina aka ajiye ta idan allo babu kowa, don haka maganar "kowane ɗa" ta Malam Habu ba daidai ba ce.

Bala: Ba zan janye ba, Malama.

Malama Rabi: To, ga abin da aka tsayar: lissafin Malam Habu babu wanda ya rushe shi, magoya bayan gefe misali ɗaya tak suka kawo, sannan suka koma cin mutuncin Tarrasch.