Neman shawara: an gayyace ni cin boga a Landan, me zan lura da shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, wurin aikinmu ya turo ni wani ɗan kwas a Landan. Abokan karatuna, yawancinsu Turawa, sun shirya mu je wani gidan boga (gasasshen niƙaƙƙen nama a tsakiyar burodi) na musamman ranar Alhamis da dare, ba irin na tsaye-ka-karɓa ba, irin wanda ake zama a kawo maka. Sun ce naman wani irin shanu ne da ake kira Angus, burodin ma a nan ake gasa shi. Ina son zuwa domin mutanen sun karrama ni ƙwarai, kuma ban so a ce ɗan Najeriya ya ware kansa. Amma ina tsoron cin abin da bai halatta ba. Waɗanda suka san ƙasar ku taimaka mini.

Wani ɗalibi ɗan Argungu da ke karatu a Ingila:
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin ranar, nemi sunan wurin ka duba shafinsu, ko ka buga musu waya ka tambaya kai tsaye ko naman halal ne. Ba abin kunya ba ne a can, kullum ana yi musu wannan tambaya. Idan sun ce e, tambayi wa ya ba su shaida. Akwai ƙungiyar ba da shaidar halal mai suna HMC, su ba sa amincewa da dabbar da aka sumar kafin yanka, kuma sukan liƙa takardarsu a jikin gilashin shago. Akwai kuma wata mai suna HFA, su sun yarda da sumarwa muddin dabbar tana da rai lokacin yanka. Sai ka zaɓi wanda zuciyarka ta natsu da shi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ƙarfen gashi. Wani wurin naman halal ne, amma suna sayar da naman alade, wanda za ka ga an rubuta bacon a takardar abinci, kuma a ƙarfe ɗaya ake gasa su, man wannan yana gangarawa kan wancan. Haka miyar da ake shafawa, wata da giya ake haɗa ta, soyayyar albasa ma wani lokaci a ƙullin da aka zuba giya ake tsoma ta. Duk ka tambaya.

Malam daga Gusau:
Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ci. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, amma malamai sun yi saɓani kan naman mahautar zamani, inda na'ura ke aiki kuma ba ka san wanda ya yanka ba. Ni dai ina ba ka shawarar ka tsaya kan mai shaidar halal, tunda a Landan ba wuyar samu yake ba. Alade da giya kuwa babu saɓani a kansu.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Zuru:
Ƙanena, ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana, don nan ne nake jin tsoro. Irin waɗannan wurare wasu kan tambaye ka yadda kake son gashin, kuma Turawa da yawa sun fi son cikin ya rage ja-ja da ruwa. Kada ka bi su. Ka ce a gasa maka ya nuna har ciki. Tsire ko balangu yankan nama ne, ƙwayoyin cuta a bayansa suke, wuta na taɓa shi ta kashe su. Shi kuwa boga niƙaƙƙen nama ne, injin niƙa ya riga ya cusa abin da ke waje zuwa tsakiya, inda wuta ba ta kaiwa da wuri. Shi ya sa hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta ce tsakiyarsa ya kai zafin digiri 70 na minti biyu. Daga ƙarshen 1992 zuwa 1993 yara huɗu sun rasu a Amurka, fiye da mutum 700 suka yi rashin lafiya, saboda ƙwayar E. coli a bogar da ba ta gasu ba. Gudawa mai jini take sawa, wani lokaci har ta taɓa ƙoda. Idan ka yanka ka ga ja, mayar musu, za su sake gasawa ba tare da ɓacin rai ba. Ka kuma duba koriyar takardar tsafta a ƙofa, maki daga 0 zuwa 5 ne.

Alhaji, ɗan kasuwa daga Jega:
Ku bar ni in yi maganar aljihu. Bogar kaɗai tana iya kai fam 15, kuma sau da yawa soyayyen dankali da lemo kuɗinsu daban. A ƙasan takardar kuɗi kuma sukan ƙara kashi 12.5 na hidima. Gayyatar Bature ba ta nufin shi zai biya, galibi kowa nasa yake biya, don haka tafi da katinka, wurare da dama ma ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na buga musu yanzu, sun ce kazarsu halal ce amma naman shanun ba halal ba ne, kuma ƙarfe ɗaya ne. Yanzu yaya ke nan?

Ɗalibi ɗan Argungu:
To Yaya, kazar ma bar ta. Tambaye su ko suna da ta kifi ko ta wake, kuma ko a wani kasko daban suke yin ta. In ba haka ba, faɗa wa abokanka gaskiya tun yau, ka nemi a koma Whitechapel kusa da Masallacin Gabashin Landan, ko Edgware Road. Gidajen boga na halal suna nan da yawa, irin na zaman nan da suke so, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa a duka unguwannin biyu.