Wai roƙo jakadan Maroko ya je yi a Ingila?

Bakano: Jama'a abin nan na ci min rai wallahi. A makaranta kullum labarin Turawa sun zo sun zo, ba wanda ya taɓa faɗa mana a 1600 sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya tura jakadansa Abdulwahid bin Mas'ud har Landan wajen Sarauniya Elizabeth ta farko, ya yi kusan wata shida, har hotonsa suka zana da rawani da takobi kuma hoton na nan har yau. Ya je roƙon Ingila ta haɗa kai da su a yaƙi Sifaniya. Me ya sa ake ɓoye mana?

Bazazzagi: Roƙo? Gyara bakinka malam. Ƙasar da 'yan kasuwar Ingila ke rububin zuwa sayen sukari da kayan haɗa albarushi ita ce za ta yi roƙo? Tayi ya kai musu.

Hajiya: Wanda ya taka har gidan wani da buƙata ai roƙo ya je, ko da alkyabba ya je.

Bazazzagi: To kenan duk jakadun da ke Abuja mabarata ne Hajiya?

Hajiya: Ni ban ce ba, kai ka faɗa.

Ɗan Yamai: Kuna ta kare mutuncin al-Mansur, shi ne fa ya turo kwamandan sojojinsa Judar Pasha da bindigogi ya wargaza daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, aka tasa ƙeyar malaman Timbuktu har da Ahmad Baba zuwa Marrakesh. Zinariyar da yake taƙama da ita daga ina?

Bakano: Ba wannan na kawo ba don Allah

Bazazzagi: Kai kullum sai ka jawo Songhai, ko maganar farashin shinkafa ake.

Ɗan Yamai: Da Zazzau aka yi wa haka da yanzu ka cika mu da kuka.

Admin: Ya isa haka. Abin da muka tsayar: jakadan ya je da girmansa, tayi ya kai, roƙo dai kuskuren baki ne kamar yadda Bazazzagi ya yi bayani mai gamsarwa. Shirin bai je ko'ina ba, sarkin da sarauniyar duk sun rasu a 1603. Batun Songhai kuma a kai wani zauren.

Ɗan Yamai: Dama ai Admin ɗan Zariya ne.