Ƙafar Baba na karkacewa waje in an kunna na'urar motsa tsoka, ina zan manna ilektirod?

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin fisiyo ku taimaka mini. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, yanzu ƙafarsa ta hagu ba ta ɗaguwa, yatsun na jan ƙasa idan yana tafiya. Likitar fisiyo ta ba mu shawarar na'urar NMES, wadda ke motsa tsoka da 'yar wutar lantarki, ta kuma nuna mana wurin mannawa: ilektirod (mannin da ke kai wutar ga fata) ɗaya ƙasa kaɗan da ƙashin nan mai tudu a gefen gwiwa ta waje, inda jijiyar ke bi, ɗayan kuma a kan tsokar gaban ƙwauri.

Haka nake yi, a kan 35 Hz (bugun wuta sau 35 a daƙiƙa), da mannin santimita 5 da 5. Amma maimakon ƙafar ta ɗago sama sak, sai ta murɗe waje. Idan na matso da na saman zuwa gaba, murɗewar ta ragu, ɗagowar ma ta yi rauni, sai na ƙara ƙarfi har ya fara cewa yana jin suka kamar ta allura. Wannan ne ya fi damuna, domin fatar wurin ba ta ji sosai, ina tsoron ta ƙone bai sani ba. Ba shi da na'urar daidaita bugun zuciya, mun tabbatar.

Shin tazarar da ke tsakanin mannin biyu ce matsalar, ko girmansu ya yi wa ƙafarsa yawa tunda ya rame? Musanya wayoyin biyu zai canza wani abu? Kuma jan da fata ke yi bayan an cire, minti nawa ya kamata ya ɗauka kafin ya baje?