'Yan ga-ruwan layinmu sun ƙi kyamarata, yaya zan yi?

Ɗalibar Jarida ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen koyon aikin jarida a nan Kano, kuma a wannan zangon muke darasin ɗaukar hoton jarida. Malaminmu ya ce kowa ya kawo hoto 12 da za su ba da labari ɗaya daga rayuwar yau da kullum, kowane hoto da bayaninsa a ƙasa. Mako huɗu ya ba mu, yanzu saura biyu da 'yan kwanaki.

Yawancin 'yan ajinmu sun tafi karofin Ƙofar Mata, wasu sun hau Dala, wasu sun shiga Kasuwar Kurmi. Ban ga laifinsu ba, wuraren suna da kyau a hoto, marina kuma sun saba da baƙi masu kyamara. Ni dai na zaɓi abin da na tashi ina gani, wato 'yan ga-ruwan layinmu. Famfon gidanmu ya daɗe da ƙafewa, ruwan shanmu da na wanki da na alwala duk a kan kurar mutanen nan yake zuwa. Kafin a kira assalatu sun yi layi a bakin rijiyar burtsatsen da ke bayan masallaci, kowa da kurarsa, jarka 12 masu ruwan ɗorawa a jere, wadda murfinta ya ɓata an toshe bakinta da leda. Akwai wani dattijo da yake kawo mana ruwa tun ina firamare, Baba muke ce masa. In ya zo hawan kwalbatin bakin layi sai ya sunkuyar da kai ya kafa ƙirji a ƙarfen kurar, silifas ɗinsa na zamewa, ruwa na tsiyaya yana bin sawunsa. Hoton da nake so ke nan. Sai da na zo rubuta bayani na tuna duk shekarun nan ban san sunansa na yanka ba, ban san garinsu ba.

Ranar farko na je da kyamarar da na aro wajen yayana, ƙaramar Canon mai gilashin 18-55. Ina ɗaga ta kowa ya tsaya cak. Samarin suka gyara riga suka jera kamar masu hoton Sallah. Baba kuwa ya juya mini baya. Da na durƙusa na gaishe shi na yi masa bayani, sai ya ce, "'Yata, ki rufa mini asiri. Gobe a sa ni a Facebook, 'ya'yana a gida su gan ni ina tura kura." Na koma gida ban ɗauki komai ba, maganar ta tsaya mini a rai har yau.

Don Allah masu sanin aikin ku ba ni shawara. Wata ƙawata ta ce in hau benen maƙwabtanmu in zuƙo su daga nesa ba tare da sun sani ba. Wani ya ce in ba su kuɗi. Kuma in suka yarda amma hawan kwalbatin ya wuce ni, ya halatta in ce Baba ya koma ya sake turowa? Ga hazo, duk abin da na ɗauka fari fat yake fitowa.

Tsohon Mai Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika sauke kyamara lokacin da dattijon nan ya juya baya.

Na yi wa wata jarida aikin hoto a Kaduna a zamanin fim, lokacin da nadi ɗaya hoto 36 ne kacal, sai an shiga ɗakin duhu an wanke kafin ka san abin da ka samo. Dole ta sa muka koyi jira. Shawarata ki ajiye kyamarar kwana uku. Ki je bakin rijiyar da asuba hannu rabbana, tare da ƙaninki, ki gaishe su, ki zauna. Ki tambayi wa ke haɗa musu layi, don irin wannan wuri ba ya rasa babba, kuma in ya amince sauran ba za su yi miki wuya ba. Ki tambayi nawa suke biyan mai rijiya, kurar tasu ce ko haya suke, sawu nawa mutum ke yi kafin azahar. Rana ta huɗu ki rataya kyamara a wuya amma kada ki ɗauka. Samarin nan masu gyara riga za su gaji, layi zai zo kansu, aiki ya ɗauke musu hankali.

Maganar bene ki bar ta. Unguwarku ce, gobe ma shi zai kawo muku ruwa, in ya ji labari da wane ido za ki dube shi?

Sake turo kura kuwa haramun ne a aikinmu. Da zarar kin ce "koma ka sake", kin tashi daga jarida kin koma shirya fim. Haka gyaran kwamfuta: ki ƙara haske ko ki rage, ki yanke gefe, amma kada ki cire komai kada ki ƙara komai. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da mai ɗaukar hoto Adnan Hajj saboda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut bayan harin Isra'ila, aka kuma janye duk hotunansa daga rumbun kamfanin. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya sallami mai ɗaukar hoto Narciso Contreras don ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya, alhali yana cikin waɗanda suka ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a 2013. Baba yana hawa kwalbatin nan sau da yawa kowace safiya. In ya wuce ki yau, ki riga shi zuwa gobe.

Kuɗi ma kada ki bayar don a tsaya miki. Ki wanke hotuna ki kai wa kowa nasa a hannu.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Malama, da yawa daga masu wannan sana'a a Kano 'yan ci-rani ne, wasu daga nan wajenmu suke tafiya bayan an gama girbi, su koma in damina ta kusa. Mu nan Damagaram mun san wahalar ruwa, ba mai raina ɗan ga-ruwa. Amma mutum mai iyali da surukai yana da abin da ba ya so a gani, ko da halal yake nema. In ya ce a'a a kan fuskarsa, to a'a ce. Ki nemi izninsa ki ɗauki hannuwansa a kan ƙarfe, ko ƙafafunsa a kan kwalbati, ki nuna masa a jikin kyamara kafin ki tafi. Wanda bai so ba ki goge a gabansa.

Na ɗan saɓa da Alhaji Tsohon Mai Hoto a kan kuɗi. Gaskiya ne ba a sayen hoto, amma in kin tsayar da mutum kuna hira har layinsa ya wuce, kin ci masa sawu guda. Ki sayi ruwan kurar a farashinsa, ai dama kuna saye.

'Yar Yerwa ta amsa:

'Yar'uwa, ki nemi shafin Bits of Borno a Instagram. Fati Abubakar ce ta fara shi a Maiduguri a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga garinmu sai bom da gawa. Ita kuma ta bi kasuwa da makarantu da gidajen biki tana ɗaukar mutane suna rayuwarsu, tana rubuta abin da suka faɗa da bakinsu a ƙasan hoton. Ki lura da yadda mutanenta ke fitowa da mutuncinsu ko a sansanin gudun hijira ne.

Sannan kina da abin da mazan ajinku ba su da shi. Ɗan ga-ruwa yana juye ruwa a randa ko a baho ya fita, ke kuwa kina iya shiga har tsakar gida. Ki bi ruwan ki ga inda ya ƙare: wankin kayan makaranta, tukunyar mai ƙosai, uwa tana auna bokiti ɗaya ga yara uku. Ki fara da gidanku, ki nemi izinin matar gida da na maigida, kuma ki gaya musu gaskiyar inda hoton zai je.

Batun hazo: ki ɗauka daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas, ki matsa kusa, don duk nisan da ke tsakaninku ƙura ce a ciki. Ki rage sararin sama a hoton. In kura tana tafiya kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ki ɗaga ISO, wato ƙarfin kamun hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600 in haske bai isa ba. Kada ki kuskura ki cire gilashin gaban kyamarar a waje, ƙura za ta shige ciki ki riƙa ganin ɗigo-ɗigo a kowane hoto.

Ɗalibar Jarida ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji Tsohon Mai Hoto, na bi maganarka, kwanaki ke nan ina zuwa da ƙanina. Ashe suna da shugaba, shi ya tara su ya yi musu bayani. Samarin sun daina jeruwa, jiya har wani ya ce in matsa ina tare masa hanya, na ji daɗin hakan sosai.

Baba ya gaya mini sunansa da garinsu, amma ya ce kada in rubuta, don haka a bayanin hoto zan sa "wani ɗan ga-ruwa" da unguwa da kwanan wata, zan kuma yi wa malaminmu bayanin dalili. Ya yarda da hannu da ƙafa ban da fuska. Da na nuna masa hoton tafin hannunsa, duk kanta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in wanke masa guda ɗaya zai kai wa babbar 'yarsa da kansa in ya koma gida.

Hawan kwalbatin har yanzu ban samu ba. Shekaranjiya adaidaita sahu ya gitta, jiya hoton ya girgiza. Ina da bakwai da nake ganin za su shiga, uku a cikinsu daga tsakar gidanmu, Umma tana juye ruwa a randa. Gobe zan tsaya ta ɓangaren shagon mai shayi, rana za ta fito ta bayana.